Ɗinkin da Ba Shi da Baya

Ni ban taɓa zuwa ƙasar Sin ba. Iyakar tafiyata Zariya, sai Maiduguri sau ɗaya neman zare. Wanda ya je shi ne mutumin da muka fara koyon ɗinkin hannu tare muna yara, a zauren maigidanmu a unguwar Gyaɗi-Gyaɗi, nan Kano. Yanzu Alhaji ake ce masa. Yana da shagunan yadi a kasuwa, yana da gida mai ƙofar ƙarfe a Tarauni. Ni ina nan inda ya bar ni, a kan dakali, da allura a hannu.

Maigidanmu, Allah ya jiƙansa, ba ya kallon gaban ɗinki. In ka kai masa riga sai ya juya ta, ya lumshe ido, ya bi bayan aikin da babban yatsa. In yatsan ya ci karo da ƙulli, ko zaren da ya yi tsallake, ba ya faɗa. Reza yake miƙo maka, ka koma gefe ka warware. A shekara tara da na yi a gabansa sau uku na karɓi rezar nan. Alhaji kuwa kusan kullum. A shekara ta biyu maigida ya kira mahaifinsa ya ce, "Yaron nan yana da ido, amma ba shi da hannu. A kai shi kasuwa." Ƙarshen maganar kawai na riƙe. Na yi dariya ranar, na kuma daɗe ina yi.

Daga baya dariyar ta ƙare. Keken surfani ya zo, sannan mai aiki da kwamfuta. Babbar rigar da nake wata uku a kanta suka riƙa fitar da irinta a yini. Rumfata ta ƙone a wata gobara. Na yi wata biyu a kwance a asibitin koyarwa, aka yanka cikina aka ɗinke, ɗinkin da maigidanmu zai miƙa wa reza. Na binne 'ya'ya biyu. Ban ajiye allura ba. Abu ɗaya ya rage mini: daga Gyaɗi-Gyaɗi har Darmanawa, in ana maganar hannu, ni ake nufi. Alhaji yana da komai ban da wannan, kuma da wannan nake iya zama kusa da shi ban sunkuyar da kai ba.

Shekara uku da suka wuce ya dawo daga saro kaya a ƙasar Sin. Ya sha zuwa ƙasar, kuma kullum labarinsa bai wuce na kwantena da abincin da ya ƙi ci ba. Wannan karon tafiyar ta faɗa kan hutun mutanen, kasuwanni a rufe, sai tafintansa ya kai shi gidan tarihi inda suke ajiye aikin hannun kakanninsu.

Bayan La'asar ya zo majalisarmu, gindin darbejiya, kusa da dakalina. Mu huɗu ne ranar: ni, da shi, da wani tsohon ma'aikacin gwamnati, da wani direba. Ya fito da waya, suka haɗa kai a kanta. Ni ina kan wuyan wata riga, ban ɗaga kai ba. Amma kunne ba ya rufuwa.

"Wannan tulun ya fi ni tsawo," in ji Alhaji.

"Amma bai fi ka faɗi ba," in ji direban. "Tumbinka ya rufe rabinsa. Tulun ka je ɗauka ko kanka?"

"Shaida nake kafawa. In ban shiga ba cewa za ku yi a waya na samo."

Haka suka yi ta bi. Kwanukan tangaran fari da shuɗi. Wata doguwar takarda da aka zana duwatsu da hazo da baƙar tawada. Koren dutse da aka sassaƙa har haske yana ratsa shi. Tsohon ma'aikacin yana ta cewa mutanen nan sun san darajar tarihinsu, mu ne dai. Kullum haka yake cewa a kan komai.

Can Alhaji ya ce, "Gwani, ajiye allurar nan ka ga 'yan'uwanka."

Gwani yake ce mini tun muna yara, kuma har yau ban tabbatar ko yabo ne ba.

Na ce, "Ba ni da 'yan'uwa a can. Waɗanda suka ƙero injin da ya kashe mana sana'a?"

"Waɗannan sun mutu tun ba a haifi kakan injin ba. Duba dai."

Ya ɗora wayar a kan rigar da ke cinyata, dole na duba. Kifi ne ja, guda ɗaya, an ɗinka shi a kan wani ƙyalle mai shara-shara da aka ɗaure cikin zagayen katako, an tsayar da shi a tsakiyar akwatin gilashi. Ƙyallen ba ya ganuwa sosai, sai ka ce kifin a ruwa yake. Zaren ya fi gashin jariri siriri. Ja ya shiga cikin ruwan goro, ruwan goro ya shiga fari, ban ga inda ɗaya ya tsaya ɗaya ya fara ba. Alhaji ya ja yatsa, wani hoton ya fito. Kifin ne dai.

"Ai ka nuna wannan," in ji tsohon ma'aikacin.

"Biyu suka yi," in ji direban. "Wancan yana kallon gabas, wannan yamma. Mata da miji ne."

Alhaji ya miƙo hannu. Ya ɗauke wayarsa.

Na ce, "Ba laifi." Na koma kan allurata. Sau biyu na soki yatsana kafin a tashi.

A sahun Magariba abin ya faɗo mini. A hoton farko akwai wani baƙin tabo a jikin katakon, ta hagu. A na biyu tabon yana dama. Ba kifi biyu ba ne. Kifi ɗaya ne, an ɗauke shi ta gaba an zagaya an ɗauke shi ta baya. Kuma bayan daidai yake da gaban. Babu ƙulli, babu tsallake, babu wutsiyar zare. Ɗinkin ba shi da baya. Liman ya yi sallama ban san raka'a nawa muka yi ba.

Ban ji daɗi ba, kuma ba zan ce na ji ba. Shekara arba'in da wani abu ina gyara bayan ɗinki don ya yi tsabta, ban taɓa tunanin ana iya kawar da shi gaba ɗaya ba. Wani ya yi tunanin, ya yi, ya mutu, aka sa aikinsa a gilashi da fitila da mai gadi. Nawa aikin yana jikin mutane suna goge miya da shi. Wannan na iya haɗiye shi, mamaci ne, ban san shi ba. Abin da ya tsaya mini a wuya shi ne wanda ya je ya tsaya a gaban abin. Mutumin da bai taɓa gama ɗinkin aska ɗaya a gaban riga ba tare da an miƙa masa reza ba. Shi Allah ya ɗauka ya kai har can, ya tsayar da shi kamu ɗaya da kifin. Na tabbata a raina ko sanin abin da yake kallo bai yi ba, yana tsaye yana tunanin kwantenarsa. Ni da zan gane, abin da na samu shi ne kallon minti ɗaya a wayar wani, da maiƙon yatsansa a kai.

Ina son in sake ganin hotunan. Wayata ƙarama ce, ta kira da amsawa. Maiɗakina ce ke da babba, wadda 'yarmu ta saya mata. Kwana uku ina zagaye, ta gane.

"Malam, ka tambaye shi mana. Abokinka ne."

"Ba zan tambaya ba."

"To ka daina tsaki a kan tuwona, ba shi ya kai shi Caina ba."

Washegari ta yafa gyale ta tafi Tarauni yi wa Hajiya, matar Alhaji, barka da dawowarsa. Ta dawo da ganyen shayi a gwangwani da hotuna cike da waya. Ta ce ko tambaya ba ta yi ba, tana zama Hajiya ta ce ta kawo wayarta. Ban tsaya a kan wannan maganar ba. Na kai wayar wani shagon hoto a bakin titi aka wanke mini guda biyun, manya. A nan na lura su kaɗai ne babu Alhaji a ciki. Na ce a raina mantawa ya yi.

Mu a kan gwiwa muke ɗinki, ƙyalle a sake. Wannan aikin ba zai yiwu haka ba, sai an ɗaure ƙyallen ya yi tauri. Na duba gidan, na ɗauki rariyar tankaɗe, na cire ragar, na bar zagayen katakon. Ƙyalle kuma na yanko daga wani tsohon farin gyalenta. Ta dawo daga unguwa ta tarar da ni a tsakar gida.

"Rariyata ce wannan?"

"Ita ce."

"Wannan kuma gyalena ne?"

"Ya tsufa."

"Kai ma ka tsufa, ban yanka ka ba."

Ta je ta aro rariya a maƙwabta.

Ban ɗinka kifi ba. Ba ma ɗinka abu mai rai, haka muka taso. Na zana reshe da ganye biyar da fure ɗaya a kai. Na samo zaren siliki na riƙa tsaga shi, sili ya zama biyu, biyu su zama huɗu, har sai da kaushin yatsana ya fara kama shi yana tsinkawa. Na riƙa goge yatsun da dutsen kaushi ina shafa man kaɗanya kamar amarya.

Na farko ya yage a kwana na shida. Na biyu ya yi kyau daga nesa, amma in ka juya sai ka ga inda na tsallaka daga ganye zuwa ganye. Na jefa shi a murhu. A na uku na gane dole allura ta shiga a tsaye cak, in ta karkata sai ta huda zaren da ke ɗaya gefen. Na samo fasasshen madubi na ɗora a cinyata, ina ɗinki a sama ina kallon ƙasa. Na kuma gane yadda ake fara zare ba ƙulli: ka yi ƙananan taku biyu uku a inda aiki zai bi ta kai, ya binne su. Ba wanda ya koya mini. Hotunan nan biyu kawai, da na kalla har gefensu ya yi baƙi.

Idona ya ba ni wahala. Na sayi tabarau a wurin masu yawo da shi a faranti, na farko bai yi ba, na sayi mai ƙarfi. Da hantsi kawai nake iya aikin, in rana ta faɗo tsakar gida, awa biyu, sai hawaye ya hana ni. Daga nan in ɓoye rariyar a ƙarƙashin gado, in fita dakali in kama rigunan mutane. Da yamma Alhaji ya zo majalisa, ya yi zancen farashin shadda da ciwon gwiwarsa. Bai sake ambatar gidan tarihin ba ko sau ɗaya. Wannan ma ya ƙara mini haushi. Mutum ya ga abu irin wannan ya manta da shi kamar ya ga akuya a hanya.

Wata bakwai na yi. Na huɗun ne ya tsaya. Ranar da zan rufe tsakiyar furen idona ya yi ja, zaren ƙarshe ya rage ɗan guntu, ba inda zan binne shi. Sai na yi ƙulli. Ɗaya tak, bai kai ƙwayar riɗi ba, na tura shi ƙarƙashin zaren. Na juya na duba, na sake juyawa. Ba ya ganuwa. Na ce duk Kano babu mai ran da zai same shi.

Sai kuma matsala ta taso. Wa zan nuna wa? Maiɗakina ta ce ya yi kyau, amma ita ko tsumma na ɗinka haka za ta ce don a zauna lafiya. 'Yan majalisa ba su san gaba da baya ba. Abin da nake so a gaya mini ɗaya ne: ya kai wancan ko bai kai ba. Kuma mutum ɗaya ne na sani a duniya da ya ga wancan da idonsa.

Ranar wata Asabar da safe na naɗe rariyar a ɗankwali na hau adaidaita sahu zuwa Tarauni. Rabona da gidan tun sunan autarsa. Ya shigar da ni falo. A bango ga hotonsa da tulun nan, an ƙara masa girma an sa a firam.

"Gwani da kansa. Lafiya dai? Wa ya mutu?"

"Ba kowa."

Na kwance ɗankwalin na miƙa masa. Na riga na shirya abin da zai faru: zai kalli furen, ya ce madalla, ya fito da waya ya ɗauki hoto da kansa a ciki. Ni kuma in gaya masa ya juya, in ga fuskarsa.

Bai kalli furen ba. Yana karɓa ya juya shi. Ya lumshe ido, ya ɗora babban yatsa a gindin reshen, ya fara bi a hankali. Ganye na farko, na biyu. Shekara da shekaru rabon da in ga wani ya yi haka. Ya gama ganyen ya hau furen. Ya zagaya shi. Ya tsaya a tsakiya. Ya koma baya kaɗan, ya dawo, ya tsaya a wurin.

"Nan," ya ce.

Na dubi inda yatsan ya tsaya.

Ya buɗe ido. "Guda ɗaya ne. Sauran duk babu. Wallahi Gwani, babu."

Na ce, "Ka san gaba da baya ne, kifin?"

"Don me kake zaton na cire kaina daga hoton? Awa biyu na yi a wurin. Na zagaya shi har mai gadi ya fara bin bayana. Na durƙusa da wannan gwiwar na kalle shi ta gefe, inda haske yake kwanciya a kan zaren, ko zan ga tudu. Tafinta yana ta duba agogo. Na ce a raina, ga wanda ya kamata ya tsaya a nan can yana Gyaɗi-Gyaɗi yana zagin mutane."

Da ya yi shiru da ya fi mini. Wata bakwai ina riƙe da cewa bai san abin da ya gani ba, da wannan nake samun barci. Ashe ya sani. Ya je, ya gani, ya kuma gane.

"Me ya hana ka faɗa a majalisa?"

"In faɗa ka ce ƙarya nake? Na san in ka gano da kanka ba za ka zauna ba. Ni na ce wa Hajiya ta tura hotunan."

Na ce, "To ya kai nasu?"

Ya ɗaga shi saitin taga, ya daɗe yana kallo. Na so ya yi mini ƙarya, na kuma san in ya yi zan gane.

"Hanyar ita ce. Amma nasu ya fi siriri. Kamar sau uku."

"Sau uku."

"Ko huɗu. Ka bar mini wannan in sa shi a gilashi, in sauke wancan tulun."

"Da ƙullin?"

"Wa zai gani?"

"Kai ka gani. Akwai reza a gidan nan?"

Ya tashi ya shiga ciki. Ya dawo da sabuwar reza a takardarta, ya tsaya a gabana, ya miƙo mini da hannu biyu. Yana ta ƙoƙarin haɗe fuska, kumatunsa suna rawa.

"In ka yi dariya ba zan sake shigowa gidan nan ba," na ce.

"Ban yi ba. Shekara arba'in ina jiran ranar nan, ba zan ɓata ta da dariya ba."

A nan falonsa na zauna a ƙasa, kusa da taga, na warware tsakiyar furen sili-sili. Aka kawo shayi ya huce. Shi yana kujera yana kallona.

Sati uku ya ɗauke ni na sake rufe furen, ba ƙulli. Na kai masa, ya bi da yatsa sau biyu bai sami komai ba. Ban bar masa ba. Yana cikin akwatina tare da hotunan biyu. Na saya wa maiɗakina sabuwar rariya, ta ce tsohuwar ta fi tankaɗe.

Bara ya sake tafiya. Da ya dawo, muna zaune gindin darbejiya, sai ya ce, kamar ba da ni yake ba, ya koma gidan tarihin, sun ɗauke kifin sun sa wani aikin a wurin, wanda hoton gabansa daban na bayansa daban, a ƙyalle ɗaya. Direban ya ce ƙarya ne. Alhaji ya taɓa aljihun da wayar take, ya kalle ni. Na ci gaba da ɗinkina. Bai fito da ita ba, ni kuma ban tambaya ba. Da na shiga gida na ce wa maiɗakina ta daɗe ba ta gaida Hajiya ba.